Maigidana ya ce motar Caina ba za ta kwana a gidansa ba

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar gwamnati ce a Gombe, ina kuma ɗan taɓa sayar da atamfofi da lesuka a gida. Shekara shida ke nan ina tara kuɗin mota, da adashe da ribar kasuwa. Da na je biki Abuja sai na ga wata jif sabuwa dal, ƙirar Caina, a wurin masu sayar da ita. Sun ce in ba da abin da ke hannuna, sauran in riƙa biya ta banki cikin shekara uku, kuma akwai garanti na shekara biyar. Wallahi Malam ta shiga raina. Da na dawo na gaya wa maigidana sai ya ce shi motar Caina ba za ta kwana a gidansa ba, wai gwangwani ce, in yi haƙuri a samo mini Toyota 'yar Kwatano. Yayana da ke harkar motoci ma ya goya masa baya. Ni kuma na gaji da tsohuwar mota, wadda nake hawa yanzu kusan kullum tana gareji. Yau kwana huɗu ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu. Kuɗina ne, amma ba na son in saɓa masa. Da gaske ne motocin nan ba su da ƙarko, ko tsohon zance ne kawai? Sun dai ce wurin gyaransu mafi kusa da mu yana Abuja.

Wata baiwar Allah, daga Gombe

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara wa nema albarka. Mace ta yi shekara shida tana tara kuɗi ba ta taɓa su ba, ga biki ga suna ga anko, ai ta cancanci a saurare ta da kyau.

Maganar ƙarshe ta wasiƙarki, wadda kika jefo kamar an tuna miki ita a bakin ƙofa, ita ta fi duk sauran nauyi a wurina. Zan dawo kanta. Bari mu fara da maigida, tunda shi ake kwana huɗu ba a hira da shi.

Ba daga sama ya tsinci maganarsa ba. Duk wanda ya yi wayo a farkon shekarun 2000 ya ga zamanin wayar nan mai layi uku da lasifika kamar ta masallaci, wadda ba ta kai wata biyu sai ta fara kashe kanta. Ya ga tocila da caja da fanka da ake saya da safe a jefar da yamma. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake. Kuma motocin Caina na wancan lokaci sun ja wa kansu. A 2005 ƙungiyar direbobin Jamus, ADAC, ta gwada wata jif mai suna Landwind, ta buga ta da bango kamar yadda ake yi wa kowace mota, sai gaban motar ya lotse har kujerar direba. A 2007 aka yi wa Brilliance BS6 irin wannan gwajin, ita ma ta sha kunya, hotunan suka zaga duniya. Ga satar fasali: ƙaramar Chery QQ kamar an haife su ciki ɗaya da Daewoo Matiz, har aka je kotu, sannan a 2019 wata kotu a Beijin kanta ta yanke hukuncin cewa Landwind X7 kwaikwayon Range Rover Evoque ce, ta hana a ci gaba da sayar da ita. A 2012 kuma an janye motocin Great Wall da Chery fiye da 20,000 a Ostireliya saboda an samu sinadarin asbestos a wasu sassansu. To kin ga idan maigida ya ce gwangwani, yana da abin da zai nuna.

Sai dai labarin da yake riƙe da shi ya tsufa a hannunsa. Ke ma kin fi shi sanin wannan, don atamfa kike sayarwa. Kin san daga Caina ɗin nan ake shigo da wadda wanki ɗaya za ta zuba a baho ta bar ki da kunyar mai saye, daga can kuma ake kawo wadda za a yi shekara uku ana sawa launinta na nan. Ɗan kasuwa ne ke zuwa Gwanzu ya ce a yi masa ta kuɗi kaza, su kuma su yi masa daidai aljihunsa. Iya kuɗinka iya shagalinka. Mu ne muka daɗe muna yin odar na ƙasa-ƙasa, sannan muka sa wa ƙasar gaba ɗaya suna.

A harkar mota kuwa sun yi zaman koyo na gaske. Tun 1984 Volkswagen ta shiga haɗin gwiwa a Shanghai, kuma a da, shekara da shekaru, dokar ƙasar ita ce duk baƙon kamfanin da zai ƙera mota a can sai ya haɗa hannu da na gida. Haka kamfanin GAC na Caina ya daɗe yana ƙera Toyota da Honda, ma'aikatansa suna gani suna koyo. Toyotar da maigida yake yabo, akwai wadda hannun 'yan Caina ne ya ɗaure mata kowane noti. Geely ta Caina ta sayi Volvo daga hannun Ford a 2010, MG ta Ingila tana hannun SAIC, ita ma ta Caina. Tun 2009 babu ƙasar da ta kai Sin yawan ƙera motoci, a 2023 kuma ta wuce Japan a fitar da su waje, da motoci kusan miliyan biyar. Hukumar gwajin haɗari ta Turai, Euro NCAP, wadda ba ta sayar da tauraro, ta ba BYD Atto 3 da MG4, duka ƙirar Caina, taurari biyar, wato makin ƙoli, a 2022. Dattawanmu da suka saba da Fijo 504 ta Kaduna ma sun taɓa kallon motar Japan a matsayin kwano mara nauyi, daga baya aka yi wa ta Koriya irin wannan kallon. Yau wa ke tuna hakan?

Saboda haka in tambayarki ita ce ko manyan kamfanonin Caina sun iya ƙera mota, amsata e, sun iya. Amma ki lura da abu biyu a nan kafin mu wuce. Tauraron gwajin haɗari yana gaya miki yadda mota za ta kare ki ranar tsautsayi ne, ba ya gaya miki yadda giyarta za ta kasance bayan shekara bakwai a rana da ƙurar Gombe. Na biyu, motar da aka kai Turai da wadda aka kawo Afirka suna iya zama suna ɗaya amma ba hali ɗaya ba. Lokacin da Global NCAP, wata hukumar gwajin haɗari ta duniya, ta fara gwada motocin da ake sayarwa a Afirka ta Kudu a 2017, Chery QQ3 ba ta samu tauraro ko ɗaya ba, haka Great Wall Steed 5 a 2020. Kada maigida ya yi saurin tafi: Nissan NP300 ta Japan ma sifili ta ci a 2018. Don haka ki tambaya jakar iska nawa ce a cikin wadda za a miƙa miki makullinta, ki sa a nuna miki a rubuce.

Yanzu mu koma Abuja.

Ƙarkon mota a ƙasar nan rabinsa daga masana'anta yake, rabinsa kuma daga kasuwar kayan gyara da hannun bakanike. Corolla ba aljana ba ce, ita ma tana lalacewa. Abin da ya sa ake ce mata ba ta mutuwa shi ne, in ta tsaya miki a Alkaleri da la'asar, kafin magariba an samu yaron gareji da ya san ciwonta, an samu kayan a shagon da ke tsallaken titi, sabo ko na Beljiyam. Kin ga tifofin Howo da suka cika hanyoyinmu? Ƙirar Caina ce, Dangote ma tare da Sinotruk, kamfanin da ke ƙera su, yake haɗa irinsu a Legas, kuma ba ki jin masu yashi suna ce musu gwangwani. Dalili kuwa sun yi yawa, kayansu sun cika kasuwa, makanikai sun ƙware a kansu. Ƙananan motocin shiga ba su kai wannan matsayin a Arewa ba tukuna.

Na ga wannan da idona. Wani maƙwabcina ya sayi irin jif ɗin da kike so, sabuwa, ledar kujeru ma bai cire ba. Mota ce mai daɗi, na shige ta, sanyinta kamar ɗakin banki, ga allo a gaba kamar talabijin, ga kyamara tana nuna maka bayanka da gefenka. Shekara guda da rabi ko tari ba ta yi ba. Ran nan a mahaɗa wani mai Keke ya goge ta, fitilar gaba ta hagu ta fashe, bamba ya tsage, wata 'yar na'ura da ke cikin bamban ta mutu. Abin da a Camry aikin yini ɗaya ne. Ya zaga kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa a Kano layi-layi da fasasshiyar fitilar a hannu, kowa ya juya ta ya duba ya ce sai dai Legas. Aka kira kasuwar Ladipo ta Legas, babu. Masu motar suka ce an yi oda, tana kan ruwa. Mako goma sha ɗaya motar tana ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidansa a lulluɓe, awaki suna kwana a inuwarta, shi kuma yana hawa Keke zuwa aiki, banki na cire kuɗinsa duk ƙarshen wata ba fashi. Injin lafiya lau. Fitila ce kawai.

Sai maganar hannun da zai taɓa ta. Yawancin jif-jif ɗin nan ƙaramin inji ne da su, lita ɗaya da rabi, da turbo a kai don ya ba da ƙarfi, sannan giyar da yawa daga cikinsu irin mai kuloci biyu ce ko CVT, wata irin giyar otomatik. Irin wannan inji ba ya yafe ganganci. Yana son baƙin mai na asali, lambar da aka rubuta masa, a kan lokaci. Giyar tana da nata man na musamman. To ki tuna yadda ake yi a garejinmu: a zuba mai na galan da aka auna a bakin titi, a cika lagireto da ruwan rijiya, in mota ta fara zafi a cire mata abin da ke daidaita zafin inji a jefar, a haɗa fanka kai-tsaye. Tsohuwar Toyota tana haɗiye wannan duka ta ci gaba da tafiya. Sabuwar mota mai turbo, ko ta Jamus ce, in aka yi mata haka shekara biyu ba za ta kai ba, sannan a zauna a majalisa a ce ai dama Caina ce.

Garantin da aka yi miki alkawari kuma yana da sharaɗi, ki karɓi takardar ki karanta ta a gida, ba a ofishinsu ana ba ki lemo ba. Abin da aka saba shi ne sai a wurinsu za a riƙa yi mata juye da duba, in wani ya kwance ta a waje garanti ya tashi. Yi lissafi da kanki. Daga Gombe zuwa Bauchi, zuwa Jos, a gangara Akwanga da Keffi a shiga Abuja, yini guda ne, zuwa da dawowa ya haura kilomita 1,000. In takardarsu ta ce juye duk kilomita 5,000, kin ga kashi ɗaya cikin biyar na tafiyar motar zai ƙare ne a hanyar kai ta juye. Ga kuɗin fetur tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, ga kwana, ga izinin wurin aiki. Wa zai riƙa kai ta? Ina jin kin san amsar, shi ma ya sani, kuma ina zaton wannan yana cikin abin da ya sa ya ɗaure fuska.

Akwai kuma ranar sayarwa, wadda mai sabuwar mota ba ya son a tuna masa. A wurinmu mota asusu ce. In kuɗin makaranta ya taso ko rashin lafiya, ita ake fara kallo. Corolla ko RAV4 ki kai ta wurin dillalai da hantsi, kafin isha'i an yi ciniki. Ta Caina mai shekara huɗu kuwa tayin da za a yi miki sai ya ɓata miki rai, saboda mai saye na biyu shi ma yana tsoron abin da maigida ke tsoro. In kin san za ki riƙe ta shekara takwas ko goma, wannan bai dame ki sosai ba. In kuwa akwai yiwuwar ki nemi kuɗinki a tsakiyar hanya, ga bashin banki a kai, to asarar biyu ce. Bashin ma ki sa a rubuta miki jimillar abin da za ki biya a shekara ukun, ba na wata-wata ba, don a ƙarshen 2024 kuɗin ruwan Babban Banki kansa ya kai kashi 27.5 cikin ɗari, na bankunan kasuwa kuwa sama da haka yake. In kina ƙyamar ruwa, bankuna irin su Jaiz suna yin murabaha, amma can ma ki nemi jimilla.

Wani abu kuma, sunan kamfani yana da muhimmanci fiye da sunan ƙasa. Kamfanonin mota a Caina sun yi yawa, suna ta karya wa juna farashi, wasu na faɗuwa. Lifan da muka sani da babura ta shiga matsalar bashi a 2020 har sai da kotu ta sa aka sake mata fasali, Zotye ma ta durƙushe a wannan tsakanin. Motar da kamfaninta ya mutu marainiya ce. Irin su Geely da Chery da Changan da GAC da Great Wall manya ne, sun daɗe, kuma da yawansu suna da wakilai a Najeriya. Ban da wadda wani ya ɗauko da kansa daga can, allonta duk rubutun Sinanci, babu wakili babu garanti. Wannan ko kyauta aka ba ki, ki yi tunani.

Kada ki ɗauka na koma bayan Yaya. 'Yar Kwatanon da ake yi miki tallanta ba daga aljanna take ba. Da kuɗinki, abin da za a samo miki mota ce mai shekara goma sha biyu ko fiye. Da yawansu daga gwanjon motocin haɗari na Amurka ake sayo su, wasu ambaliya ce ta shanye su, a gyara jiki a fesa fenti a mayar da lambar tafiya baya, a kawo miki tana ƙyalli. Ke da kika gaji da gareji kina iya sake faɗawa wani garejin da kuɗin shekara shida. In an je nan, ki karɓi lambar jikin motar, mai harufa da lambobi 17, a duba tarihinta a intanet, a kuma sa mata na'urar duba lafiya kafin ki biya ko sisi. Yaya kuma, ba na zarginsa da komai, amma mai harkar motocin Kwatano da wuya ya ce miki je ki sayi wadda ba ya sayarwa.

Kin tambaye ni, to ga abin da na gani. Da a Abuja ko Legas kike zaune, garejin wakilin yana nesa da ke da tafiyar minti talatin, kuma kuɗin a hannu suke, zan ce ki saya, ki ji daɗin sabuwar mota, kin yi wahalarta. Amma a Gombe, da bashi, kuma ita kaɗai za ki dogara da ita, ba zan sa hannu a takardar nan yanzu ba. Maigida ya yi kuskure a dalili, amma inda ya tsaya bai yi nisa da gaskiya ba.

Abin da zai sa in canza magana yana nan, kuma ba ni zan nemo shi ba, ku biyu ne. Dukiyarki taki ce, addini ma ya tabbatar miki da wannan, kuma furucin cewa ba za ta kwana a gidansa ba ya yi tsauri. Sai dai ki saurari abin da ke ƙarƙashinsa. Shi za a kira in ta tsaya da ke da yara a daji. Shi zai tsaya a gareji. Shi abokai za su tsokana a majalisa in ta kwanta. Namiji da wuya ya ce tsoro nake ji, sai ya ce ban yarda ba. Kada ki kai masa wannan amsar tawa kamar sammaci, kina cewa ga shi Malam ma ya faɗa. Daren yau in kin kai masa abinci ki zauna, ki ce, Abban yara, na yi tunani, kai ka fi ni sanin gareji, ina so ka bincika mini motar nan da kanka, in ka ga ba ta yi ba bayan ka duba, na haƙura. Mutumin da aka ba alƙalanci yakan fi wanda aka kai ƙara adalci.

In ya yarda, ku je Abujan tare, amma kada ku tsaya a ɗakin da aka jera motoci ana goge su. Ku zaga baya, wurin gyara. Ku ƙirga motocin da ƙura ta rufe, ku tambayi yaran garejin, ba manaja ba, wannan tun yaushe take nan kuma me take jira. Ku nemi mutum biyu ko uku da suka riƙe irin motar shekara uku zuwa sama, direban haya ya fi, don shi ba ya rufa wa mota asiri. A Legas ma tun 2022 motocin GAC ne ke aikin tasin LagRide, irin waɗannan direbobin su suka san abin da ke fara mutuwa. Ku tambayi wakilin ko yana da bakaniken da ya amince da shi a Gombe ko Bauchi ko Jos wanda juyensa ba zai kashe garanti ba, in ya ce akwai, ya rubuta. Sannan maigida ya ɗauki sunan motar da shekararta ya shiga kasuwar kayan gyara ta Gombe, ya tambayi abu huɗu: fitilar gaba, gilashin gaba, takalmin birki da matatar mai. In an samu biyu a take, sauran kuma aka ce za su iso cikin mako guda, ku koma ku yi ciniki. In kowa ya juya kai ya ce sai dai Legas, ki bar kuɗinki inda suke, ki sa Yaya ya fara turo lambobin jikin motocin da ke hannunsa.